Yadda Ɗan Kwas Ya Mayar da Ciyaman Kilo Talatin

Kwana goma sha ɗaya kacal ya yi a wajen kwas ɗin, biyu daga ciki ma zazzaɓi ne ya kwantar da shi, amma da ya dawo garejin mahaifinsa sai ka rantse shi ya ƙera injin farko a duniya. Ya tafi da sifana a aljihun baya, ya dawo da laftof a hammata da tabarau marar magani a kan hanci. Ya ce daga ranar nan a riƙa kiransa Injiniya. Mutanen layin makanikai, da yake ba su iya watsa wa mutum ƙasa a ido ba, suka laƙaba masa Ɗan Kwas, sunan kuma ya zauna daram.

Abin da ya koyo wata manhaja ce mai kwaikwayon aikin inji. Za ka zana nozul a kwamfuta, wato ɗan bakin ƙarfen nan da ke fesa mai cikin inji, ka gaya mata irin man da za a zuba, da nauyin motar, da irin hanyar da za a bi. Sai ta tuƙa motar a cikin allo ta faɗa maka gaskiya. In abin zai yi, allo ya yi kore. In ba zai yi ba, ya yi ja. Masu hankali suna amfani da ita ne don kada su kashe injin gaske wajen gwaji. Shi kuwa Ɗan Kwas abin da ya fi burge shi a cikinta shi ne koren.

Baba, mahaifinsa, shekara arba'in yana gyaran nozul da famfon dizal, har hannunsa ya fara rawa. Ya riga ya faɗa cewa ƙarshen wata zai miƙa mabuɗin gareji ya koma gefe ya huta, sai dai bai ce ga wanda zai ba ba. 'Ya'yansa biyu ne a sana'ar, Ɗan Kwas da ƙanwarsa Auta. Ita Auta shekara takwas ke nan tana tsaye a teburin gwajin nozul, ba ta da yawan magana, amma in mota ta shigo tana tari, kafin direba ya kashe ta ta riga ta san nozul na nawa ne ya toshe. Ɗan Kwas ya san hannunta ya fi nasa, ya kuma san Baba ya sani. A ƙarƙashin duk cika-bakin nan tsoro ne fal cikinsa, don ba abin da yake ci masa rai kamar ranar da zai ce Oga ga yarinyar da ya riƙa kaiwa makaranta a bayan keke.

Saboda haka wata safiya ya ajiye laftof a kan bonet, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Baba, zamanin dizal ya wuce. Ka ga man suyar da mai gidan abincin can take zubarwa a kwata? Da shi za mu riƙa tuƙa mota. Ni zan zana nozul ɗin da kaina. Nan da wata uku duk direban da ke tasha sai ya yi layi a ƙofar nan, har da masu kuka."

"Ana yi, Yaya," in ji Auta, ba ta ko ɗago kai daga aikinta ba. "Amma sai an tace man sosai, an rage masa kauri."

"Ke wa ya sa bakinki? Kin taɓa zuwa kwas?"

"Ban taɓa ba."

"To ja kujera ki zauna ki ga ilimi."

Baba ya rage muryar rediyonsa. Ya nuna Tsohuwa da haɓa, wato ƙaramar bas mai kujera goma sha takwas wadda da ita aka ci da gidan tun kafin a haifi Auta.

"Ga ta nan, ka sa mata abin naka. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, in ta taso daga bakin tasha ta iso ƙofar garejin nan da ƙafarta, mabuɗi naka ne. In ba ta iso ba, na Auta ne, kai kuma ka zauna a ƙarƙashinta kana wanke nozul. Ka yarda?"

"Baba, daga tasha zuwa nan? Tafiyar minti biyar a ƙafa? Ai ka raina ni. Da ka ce ƙasar waje."

"Nan ɗin ma ya isa," in ji Baba, ya mayar da rediyonsa kunne.

Ɗan Kwas ya shige ɗan ofishin gareji, ya ture tulin tsofaffin filtoci daga kan tebur, ya kafa laftof. Mai walda na shagon kusa, wanda ba a taɓa yin abin kallo a layin ba tare da shi ba, ya jawo benci ya zauna a bayansa. Cikin awa biyu aka zana nozul mai huda goma sha biyu, kowace huda ba ta kai kaurin gashi ba. Ɗan Kwas ya ce da irin wannan, mota lasar mai za ta riƙa yi maimakon sha. Ya danna maɓalli ya harɗe hannu.

Allo ya yi ja wur. Manhaja ta ce man ya yi kauri, ba zai bi ta hudojin nan ba.

Ɗan Kwas ya ja tsaki. Ya duba ya duba, ya ga wani akwati inda aka rubuta zafin mai, digiri talatin. Ya goge ya rubuta casa'in, tun da mai in ya yi zafi tsinkewa yake. Ya danna. Ja. Yanzu kuma wai ɗan man da ke wucewa ba zai ba inji ƙarfin jan mutum goma sha takwas ba. Ya rage fasinja zuwa goma. Ja. Biyar. Ja. Ya sauke kowa ya bar direba shi kaɗai, sannan ya raba nauyin motar kanta biyu. Manhaja ta ce to in an zo hawa fa? Ya mayar da hawa sifili. Ta ce akwai datti a cikin man. Ya nemo inda aka sa alamar datti ya cire ta.

Allo ya yi kore shar, wata 'yar mota ta fito tana gudu a kan layi miƙaƙƙe.

Ihun da ya kurma sai da mai faci a tsallaken titi ya saki taya. Mai walda kuwa ya sosa ƙeya.

"Ni fa na ɗauka in ta yi ja, nozul ɗin ake gyarawa."

"Shi ya sa har yau kake walda. Nozul ɗina ba shi da laifi. Duniya ce take da matsala, ita nake gyarawa."

"To Allah ya ba da sa'a, don ni ma akwai abubuwan da nake so a gyara mini a cikinta."

Aka aika zanen wajen masu sassaƙa ƙarfe. Sau biyu mutumin yana bugo waya yana tambaya, wai nozul ɗin na mota ne ko na fesa turare. Ɗan Kwas ya ce ya yi abin da aka sa shi, ba a biya shi don ya yi tunani ba. Da kayan suka iso ya zagaya da su shago-shago a cikin hankici, yana hana mutane numfashi a kansu.

Ranar da zai ɗaura su Auta ta leƙa laftof ɗin, ta karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ba don mabuɗi ba, tausayin Tsohuwa ne ya sa ta buɗe baki.

"Yaya, motar da ke cikin kwamfutar nan ba Tsohuwa ba ce. Wannan rabin nauyinta ce, ba fasinja, manta yana tafasa, hanyarta kuma shimfiɗe kamar tabarma. Ka buɗa hudojin kaɗan, ka mayar da lambobin gaskiya, ni zan taya ka tace man."

Maganar ta shige shi, don ya san gaskiya ce. Amma a ce gyaran ya fito daga bakin Auta, a gaban mai walda? Ya ɗaga hanci.

"Wa ya ce miki ban sani ba? Abin da kwamfuta ta nema, shi za a ba ta. In Tsohuwa ba ta yi kama da lissafi ba, Tsohuwa za a gyara. Miƙo mini sifana sha uku."

Da kujeru ya fara. Ya kwance goma sha takwas ɗin nan ya jera a bakin titi, mutanen layi suka samu wurin zaman kallo kyauta. Ya aro sikelin masu sayen tsohon ƙarfe, duk abin da ya cire sai ya auna ya rage a lissafi. Bai kai ba. Ya cire ƙofofi huɗu. Ya cire gilasai, ya cire tayar ajiya, da bamba gaba da baya, da bonet, da madubai. Duk ƙofar da ta sauka ƙasa sai Baba ya ƙara muryar rediyo, har ranar da aka kai ga rufi, ana jin labaran duniya daga ƙarshen layi. Masu sayen tsohon ƙarfe suka fara zuwa da amalanke suna yi wa Baba jaje, suna tambayar ko gaba ɗaya za a sayar ko kilo-kilo.

"Saura kilo nawa?" in ji mai walda, yana zaune a kujera ta uku.

"Sittin."

"To ka cire injin mana. Ai shi ya fi komai nauyi."

Abin takaicin shi ne sai da Ɗan Kwas ya tsaya yana nazari, kafin dariyar mutane ta farkar da shi.

Kujerar direba ma ta tafi, aka kifa bokiti a wurinta. Sai maganar zafi. Tun da manhaja ta ce digiri casa'in, ya cire tanki gaba ɗaya, ya ɗauko babbar tukunyar matarsa da murhunta na gas, ya sa mai walda ya yi musu ƙafa a bayan bokitin direba, aka ja tiyo daga tukunya zuwa inji. Da rana tsaka sai ga matar a bakin gareji da ludayi a hannu.

"Maigida, ina tukunyata?"

"Ta shiga tarihi."

"To yau a cikin tarihin za ka ci abinci."

Mai gidan abinci ta aiko da jarka uku na tsohon mai, baƙi ƙirin, da ƙayar kifi da ƙonanniyar albasa suna iyo a ciki. Auta ta kawo ƙyallen tata mai kyau ta ajiye masa a kan tukunya. Ya ɗauka ya goge tabarau da shi.

"Datti ai na riga na cire shi tun a kwamfuta. Aiki biyu kike so na yi?"

Saura hanya. Ya aro ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, ya bi titin daga tasha zuwa gareji da rarrafe, yana ɗora shi a ƙasa yana kanne ido ɗaya. Masu babur suna zaginsa, wata dattijuwa ta tsaya ta tambaye shi ko allura ya yar. Titin dai ya fito a shimfiɗe, in ban da tudun rage gudu guda ɗaya da aka yi a gaban kantin magani. Ɗan Kwas ya tsaya a kansa, ya buɗe laftof, ya nemi akwatin da ake rubuta irin wannan tudu bai gani ba. Ya ce abin da manhaja ba ta tambaya ba, ba shi da muhimmanci, ya tsallake ya wuce.

Da ya ga komai ya kammala, sai ya ga ai asara ce a yi wannan abin tarihi a gaban 'yan layi kawai. Ya je ya gayyato ƙungiyar direbobin tasha da shugabansu, ya ɗauko hayar lasifika, ya kuma aro majigi don a haska allon laftof a jikin bangon tasha kowa ya ga kore da idonsa.

Ranar Asabar da hantsi aka turo Tsohuwa bakin tasha. In ba wanda ya san ta ba, ba zai ce mota ba ce: tayoyi huɗu, inji a tsirara, sitiyari, bokiti, da tukunya tana tururi. Shi kansa Ɗan Kwas da ya hau sikeli ya tarar ya ɗara lissafi da kilo uku, sai ya tuɓe rigar aiki da takalma ya tsaya daga shi sai singileti da gajeren wando da tabarau. Baba ya zauna a gefe a kan wani benci, Auta tana tsaye a bayansa da akwatin kayan aiki, don ita ta san za a buƙace shi.

Sai ga Ciyaman, shugaban direbobin. Mutum ne wanda in ya shiga gaban mota sai bayanta ya ɗaga, ga shi cikin fararen kaya ƙal an sha guga. Aka ba shi lasifika ya yi wa taro barka da zuwa a taƙaice. Ya fara daga shekarar da ya koyi tuƙi. Ya bi ta kan tsadar dizal, da halin fasinjan zamani, da ciwon gwiwarsa, da abokan hamayyarsa a zaɓen ƙungiya da ya ce ya yafe musu amma ya kira su ɗaya bayan ɗaya yana nunawa da yatsa. Minti hamsin yana abu ɗaya. Tun a wajen ciwon gwiwa gas ɗin murhu ya ƙare, wuta ta mutu, man ya fara hucewa yana komawa kaurinsa. Auta ta gani ta yi wa yayanta alama da ido. Shi kuwa ya ɗauka hassada ce, ya yi mata murmushin tausayi.

Da aka gama tafi, Ciyaman ya naɗe hannun riga ya nufi motar.

"Ina zan zauna?"

Ɗan Kwas ya yi sauri ya tare shi. "Ranka ya daɗe, ai gwajin na direba ne shi kaɗai."

"Kai yaro, motar da ba ta ɗauke ni ba, ta yaya za ta ɗauki mambobina? A kawo mini abin zama."

Direbobi suka ɗauki ihu, wani ya rugo da bokiti na biyu. Gumi ya karyo wa Ɗan Kwas. Ya ce to bari a tambayi kwamfuta, ya durƙusa gaban laftof, ya manta sarai cewa duk abin da ya taɓa yana fitowa ƙato-ƙato a bangon tasha.

"Ranka ya daɗe, kilo nawa ne kai?"

"Ɗari da ashirin, in ban ci abinci ba."

"Ya ci!" in ji wani daga baya.

Ɗan Kwas ya rubuta ɗari da ashirin. Bangon tasha ya yi ja wur, jama'a suka ce "Kai!" Hannunsa ya yi abin da ya saba tun kafin kansa ya ba shi izini. Ya goge ya rubuta casa'in. Ja. Sittin. Ja. Arba'in da biyar. Ja. Talatin. Bango ya yi kore shar, 'yar mota ta fito tana gudu. Ya miƙe baki har kunne.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Kwamfuta ta amince."

Tasha ta fashe da dariya. Wani direba ya kwanta a kan bonet ɗin motarsa yana dukanta da hannu. Ciyaman ya dubi bango, ya dubi tumbinsa, ya sake duban bango.

"Ni ne kilo talatin?"

"A lissafi, ranka ya daɗe."

"Shekara tara likita yana fama da ni bai rage mini ko biyar ba. Kai ka zabge casa'in a tsaye. Sauran naman nawa ina ka kai shi?"

"Ciyaman, ka riƙe wandonka kada ya zame!" in ji mai walda.

Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa, kuma da Ɗan Kwas ya hango shi haka sai ya ji kamar ya fasa. Amma an riga an zo inda ba a komawa. Ciyaman ya hau, bokiti ya yi ƙara a ƙarƙashinsa, Tsohuwa ta karkata gefe guda. Ɗan Kwas ya hau nasa bokitin, ya ɗora laftof a cinya, ya murza makulli.

Abin mamaki, ta tashi. Akwai ɗan ragowar dizal a cikin bututu da famfo, shi ta samu ta kama. Ɗan Kwas ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci zaɓe, ya sa giya ya taka totur har ƙasa. Tsohuwa ta motsa. Tafiya dai tafiya ce, amma dattijuwar nan mai tambayar allura ta zo da kwandonta a ka, ta yi musu sannu, ta wuce su. Taron tasha gaba ɗaya ya biyo su a ƙafa, wasu ma suna tsayawa jira.

"Wannan giya ta nawa ce?" in ji Ciyaman.

"Ta uku, ranka ya daɗe."

"To sa ta huɗu mu ga ko za mu kamo dattijuwar can."

Wajen taku na ɗari dizal ya ƙare, man suya ya iso. Salansa ta yi tari, ta saki wani farin hayaƙi mai ƙamshin soyayyen kifi, har wani mai wucewa ya tsaya yana tambayar inda ake sayarwa. Inji ya fara shaƙewa yana kakari. Ɗan Kwas yana taka totur yana kallon allo, allo kuwa kore shar, 'yar motar ciki tana ta sheƙa gudu abinta.

A haka suka iso tudun gaban kantin magani. Tayoyin gaba suka dafa shi, suka hau rabi, Tsohuwa ta yi wani dogon nishi irin na mai ciwon baya, inji ya yi tari uku ya mutu. Sai ta fara komawa da baya. Jama'ar da ke biye suka watse. Ɗan Kwas ya rikice ya danna birki da ƙafa biyu, motar ta tsaya cak, tukunya ta yi baya ta dawo gaba, ƙafar walda ta karye, man nan gaba ɗaya ya juye a bayan Ciyaman tun daga wuya. Allah ya taimaka dogon jawabinsa ya riga ya huce da man, sai ɗumi kawai. Bokitinsa ya ga abin ya ishe shi ya fashe, kuma da yake babu ƙofar da za ta tare shi, Ciyaman ya sulale a hankali ta gefe ya zauna daɓas a tsakiyar titi, da zoben albasa a kafaɗa. Wata kyanwa ta fito daga ƙarƙashin kantin magani ta fara lasar masa hannun riga.

Ɗan Kwas ya diro da laftof a sama yana juya shi kowa ya gani.

"Jama'a ku duba! Wallahi har yanzu kore ne! Laifin tudun nan ne, ba ya cikin lissafi!"

"To shiga motar cikin allon ta kai ka gida," in ji Ciyaman, yana ƙoƙarin tashi santsi yana mayar da shi. "Ku kama ni mana! Ko kun ɗauka da gaske kilo talatin ne?"

Sai da mutum huɗu suka taru, biyu daga ciki suka bi shi ƙasa.

Auta ta ajiye akwatinta ta kwance nozul ɗaya, ta ɗaga shi a rana ta duba. Hudojin goma sha biyu duk sun toshe, wani siririn abu kuma ya maƙale a bakin bututu. Ta zare shi da farce, ƙayar kifi ce. Ba ta nuna wa kowa ba, ta jefar a kwata.

Baba ya taso a hankali, mutane suka buɗa masa hanya. Ya daɗe yana kallon abin da ya rage na motar da ya yi shekara ashirin da shida yana wankewa da hannunsa. Sannan ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin gareji, ya kamo hannun Auta ya saka mata. Dariya ta ɗauke a wurin. Ɗan Kwas ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga shi ba riga, ba takalmi, ƙafafunsa cikin man kifi.

"Kai," in ji Baba, "ka bar mota a tsakiyar titi. Tambayi mai gareji yadda za a yi da ita."

Ɗan Kwas ya juya wajen ƙanwarsa. "Auta, ya za..."

Baba ya yi gyaran murya.

Ɗan Kwas ya cire tabarau, ya rasa aljihun da zai sa shi, ya riƙe a hannu. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama.

"Oga, ya za a yi da motar?"

Idon Auta ya ciko, don ba ta taɓa son ganin yayanta haka ba. Ta yi sauri ta juya ta hau bokitin direba ta kama sitiyari.

"A tura ta gida, Yaya."

Ɗan Kwas ya miƙa wa mai walda laftof, ya zagaya baya ya kafa kafaɗa. Ya tura, ƙafarsa ta zame, ya faɗi a gwiwa. Ya tashi ya sake turawa, tayoyin gaba suka hau tudu suka dawo. Sau uku ana haka, ba wanda ya matso, shi kuma kunya ta hana shi ɗaga kai ya nemi taimako. A na huɗu sai ya ga wasu hannuwa biyu masu rawa sun dafa ƙarfen kusa da nasa. Ya waiga, ya ga Baba ya kafa tsohuwar kafaɗarsa yana nishi. Suka tura tare, Tsohuwa ta haye tudun ta gangara ɗaya gefen, ta kama hanyar gareji sumul.

Suka yi taku ashirin suna turawa. Hawaye yana bin fuskar Ɗan Kwas yana haɗuwa da gumi, yana godiya ga Allah da ba mai iya bambance su.

"Ka ga inda ilimin naka ya yi rana," in ji Baba yana haki. "Da ba ka rage mata nauyi ba, da mu biyu ba mu iya tura ta."

Ɗan Kwas ya ja hanci. Ya tura taku ɗaya, taku biyu. Sai ƙirjinsa ya fara tasowa da kansa.

"Ai Baba, dama na sa wannan a lissafi."

"Tura, ɗan banza," in ji Baba.